Kwabon 1793 ba tikitin caca ba ne

Tun ranar 12 ga watan Nuwamban 2025 da aka buga kwabon Amurka na ƙarshe a gidan buga kuɗi na Filadelfiya na rasa sukuni a intanet. Ba wai daina buga kwabon ne ya dame ni ba, wannan kowa ya ga zuwansa, tun watan Fabrairu Trump ya ce a daina, kuma lissafin a fili yake, abin da darajarsa senti 1 ce ana kashe senti 3.69 kafin a buga shi, Kanada ma ta riga ta yi haka tun 2012 kuma ba abin da ya same ta. Abin da ya hana ni sakat shine ambaliyar bidiyo da rubuce-rubucen da suka biyo baya a Facebook da TikTok da YouTube, wai ka duba aljihunka, wai akwai kwabon da ya kai dala miliyan 100 yana yawo a hannun mutane, wai wanda ya tara kwabbai yanzu ya warke. Har akwai masu nuna yadda ake jiƙa tsohon kwabo cikin ruwan tsami da gishiri a dirje shi da burushi ya fito jawur kamar yau aka buga shi, jama'a kuwa sai yabo suke. Wannan na ƙarshen ne ya sa na kasa yin shiru.

Maganar miliyan 100 ƙarya ce tsagwaronta, kuma ba ta buƙatar dogon bayani. Tsabar kuɗi mafi tsada da aka taɓa sayarwa a gwanjo ita ce zinariyar dala 20 ta 1933, wadda Sotheby's ta sayar a watan Yunin 2021 kan dala miliyan 18.9, zinariya kenan fa, kuma ita kaɗai ce a irinta gwamnatin Amurka ta yarda wani mutum ya mallaka. To ta ina kwabon da ake bayar da canji da shi a kanti zai ninka ta sau biyar? Kwabon 1943 na jan ƙarfe da suke yawan ambata gaskiya ne akwai shi, a shekarar an koma buga kwabo da baƙin ƙarfe saboda yaƙi na cin jan ƙarfe, sai wasu 'yan ƙalilan suka fita da jan ƙarfe bisa kuskure, kuma an sayar da ɗaya kan dala miliyan 1.7 a 2010. Amma na baƙin ƙarfen sun haura biliyan 1, kuma shekaru da yawa 'yan damfara na shafa musu ruwan jan ƙarfe ko su kankare lamba 8 ta 1948 ta koma 3. Maganaɗisu kawai zaka kai kusa ya tona asirin mafi yawansu. Masu bidiyon basa faɗin wannan, don in sun faɗa bidiyon ya ƙare a daƙiƙa 20.

Ni dai ba kwabon Lincoln, wato ƙaramin da aka daina bugawa, nake jiye wa ba. Tun 1982 ma ba jan ƙarfe bane, tutiya ce kashi 97.5 cikin 100 aka lulluɓe ta da ɗan jan ƙarfe a sama, kuma an yi ta buga biliyoyi a kowace shekara, ba mai ƙarar da shi. Waɗanda nake jiye wa sune manyan kwabban farko, waɗanda aka buga daga 1793 zuwa 1857, da na jihohi da suka riga su, domin su ne wannan zazzaɓin neman kuɗin ke cinyewa ta baki biyu. Ta ƙasa jahilci na dirje su, ta sama masu kuɗi na kulle su a roba suna kiransu jari. Kuma duka biyun tunani ɗaya ne ya haife su, tunanin cewa kwabo ba komai bane sai adadin dalar da zai kawo.

Wanda bai taɓa riƙe babban kwabon Amurka ba zai yi mamakin nauyinsa. Na 1793 giram 13.48 ne, na yanzu giram 2.5, wato ya ninka shi fiye da sau 5, kuma jan ƙarfe ne zalla, don a lokacin mutane basa yarda da kuɗin da ƙarfensa bai kusa darajarsa ba. Dokar da ta kafa gidan buga kuɗin ta fito ranar 2 ga Afrilun 1792, aka naɗa David Rittenhouse, masanin taurari mai ƙera agogo, ya shugabance shi. Wuri ne ɗan ƙarami, dawakai ke juya injin da ke murje ƙarfe, mutane ke murɗa injin bugun da ƙarfin damtsensu, sai a 1836 aka kawo mai tururi. A kwanaki 12 na farkon watan Maris ɗin 1793 suka fitar da kwabo 36,103, a bayansa akwai sarƙa mai gaɓa 15, gaɓa ɗaya ga kowace jiha. Manufar ita ce haɗin kai, amma jama'a suka ce ina ruwan 'yanci da sarƙa, jarida ta rubuta cewa mugun fata ne, kuma matar da aka zana a gaba a matsayin alamar 'yanci kamar a firgice take, gashi duk a hargitse. A hatimin farko ma mai sassaƙar ya ga kamar wuri bazai ishe shi ba sai ya taƙaita sunan ƙasar ya rubuta AMERI. ya sa ɗigo. Ba a yi wata biyu ba aka cire sarƙar aka sa zoben ganye, aka buga 63,353, kafin shekarar ta ƙare aka sake canza zane a karo na uku.

Wannan na ukun ne yafi taɓa ni. Joseph Wright ne ya sassaƙa shi, mai zane ne na gaske, ya gyara fuskar matar ya sa hula a kan sanda a bayanta, aka buga 11,056 kacal. A daidai lokacin zazzaɓin shawara ya faɗa wa Filadelfiya, garin da mutanensa basu fi 50,000 ba ya binne kusan 5,000 cikin 'yan watanni, masu hali suka gudu, gidan buga kuɗin ya rufe. Wright ya rasu a watan Satumba, matarsa ma cutar ta ɗauke ta. Kenan duk wanda ya riƙe wannan kwabon aikin ƙarshe na hannun mutumin ya riƙe, kuma duk wani ɗan karce da ke jikinsa wani ne ya yi shi a cikin shekaru sama da 230 ɗin nan. Sai wani ya zo da burushi da ruwan tsami ya ce zai gyara. Gyaran gangar Auzinawa kenan, kuma babu yadda za a mayar.

Na san abin da nake faɗa domin na taɓa gani da idona. Cikin 'yan kwabban da nake dasu akwai biyu masu shekara ɗaya, 1798, duka sun goge sosai, ba masu tsada bane. Na farkon launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, sumul kamar tsohuwar fatar da hannu ya daɗe yana shafa, in ka karkata shi a hasken taga zaka ga ɗan sheƙi a kuncin matar da kafaɗarta inda yatsu suka fi taɓawa, a cikin lungun haruffa kuma launin ya fi duhu sai rubutun ya fito raɗau duk da gogewar. A baya akwai wani siririn layi da ya taso daga baki ya ratsa ganye, ba karce bane, tasowa ya yi, alamar cewa hatimin da aka buga shi da shi ya riga ya tsage a ranar amma suka ci gaba da aiki da shi. Na biyun daga intanet na saye shi wurin wani ɗan kasuwa da hotonsa ya ɓoye gaskiya. Da na buɗe takardar sai na ga abu ja-ja mai ɗaukar ido, kalar da jan ƙarfe mai shekaru 200 bashi da ita, da na sa gilashin ƙara girma sai ga ƙananan layukan burushi duk sun bi gefe ɗaya, fuskar ta zama tsamo-tsamo da ramuka inda tsamin ya ci. Ko yaro ka ba su biyun zai nuna maka wanda aka zalunta. Har yau ina ajiye da shi, kuma duk lokacin da na ga bidiyon dirje kwabo shi nake tunawa.

Abin da masu dirjewar basu sani ba shine wannan duhun ba datti bane. Saman ƙarfen ne da kansa ya haɗu da iska a hankali ya yi fata, kuma fatar ce ke kare abin da ke ƙasa. Ka cire ta ka cire wani sashe na kwabon, ka kuma bar shi tsirara ya fara sabuwar tsatsa. Ko ta lissafin kuɗin da suke bi ma asara suka yi, don ba mai saye da ya san abin da yake yi da zai biya kuɗin kirki kan kwabon da aka wanke. Garin neman gira an rasa ido.

To amma waɗannan jahilci ne ya ɗebe su, ana iya faɗa musu su gane. Waɗanda suka fi ba ni haushi sune na sama, waɗanda suka san komai amma suka zaɓi su mayar da harkar ta koma lamba. Tun da aka kafa kamfanonin ba kwabo maki, PCGS a 1986 da NGC a 1987, tsarin ya zama ka aika kwabonka, su duba, su ba shi maki tsakanin 1 da 70, su rufe shi a gidan roba da takarda a sama. Daga nan ba wanda zai sake taɓa shi, gefensa ma da ƙyar ake gani, alhali kwabban 1793 zuwa 1795 da yawa a gefen nasu akwai rubutu ko zanen ganye, kuma wani lokacin gefen ne ke raba na banza da na gaske. Yanzu akwai masu sayen kwabo su kai banki ba tare da sun taɓa kallonsa minti biyar ba, takardar suka saya. Akwai masu fasa robar su sake aikawa sau uku sau huɗu ko Allah zai sa 63 ya koma 64, don tazarar maki ɗaya na iya zama dubban daloli, kwabon kuwa shine dai bai canza ba. A 2007 har aka kafa wani kamfani, CAC, wanda aikinsa ya duba makin da waɗancan kamfanonin suka bayar ya manna ɗan tambari kore in ya yarda. Lamba a kan lamba, kwabon yana ciki ba mai tambayar labarinsa.

Za a ce min ai robar na kare mai saye daga jabu. Na yarda akwai jabu kuma suna ƙara kyau, amma tabbatar da cewa abu na gaske ne daban, mayar da shi hannun jari daban, kuma na biyun ne ya cinye harkar.

Mutane da yawa basu ma san daga ina wannan 70 ɗin ya fito ba. William Sheldon ne ya ƙirƙiro shi a 1949, kuma don manyan kwabban farko kaɗai ya yi shi. Ya lura ne cewa a kasuwar lokacin kwabon 1794 na gama-gari in ya goge ƙarƙaf ana sayar da shi kusan dala 1, in kuwa sabo ne fil yakan kai dala 60 zuwa 70, sai ya ce to bari makin ya zama abin da za a ninka da farashin tushe a samu kuɗin kowane iri. Wato tun asali jadawalin farashi ne na kwabo ɗaya a zamani ɗaya, kuma ba a daɗe ba kasuwa ta wuce shi lissafin ya rushe. Amma lambobin suka zauna, a shekarun 1970 aka shimfiɗa su a kan duk tsabar kuɗin Amurka, yau ga shi ana rantsuwa dasu kamar awon ma'auni.

Kuma labarin Sheldon ɗin kansa darasi ne a kan wannan magana. George Clapp, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Alcoa, ya ba ƙungiyar masu nazarin tsabar kuɗi ta Amurka da ke New York tarin manyan kwabbansa kyauta don kowa ya amfana. Bayan shekaru aka gano cewa an musanya sama da 100 daga cikinsu, an ɗauke masu kyau an ajiye irinsu marasa kyau, kuma sawun ya kai ga Sheldon, wanda ya rasu a 1977 kafin maganar ta kai kotu a shekarun 1990. Ta yaya aka gane? Ba ta maki ba. Masana ne suka zauna da tsofaffin hotuna da bayanan da Clapp ya rubuta da hannunsa, suna bin kwabo ɗaya-ɗaya, wannan yana da ɗan tabo ƙarƙashin haɓa, wancan yana da lotsawa kusa da lamba 7, har suka ce wannan na wurin ne wannan ba na wurin bane. Kowane tsohon kwabo da fuskarsa kamar mutum, kuma masu sanin fuskar ne suka kama ɓarnar. Mai kallon takarda kawai da har yau bai san an yi ba.

Wannan sanin fuskar shine ainihin harkar, kuma shine nake tsoron ya mutu. A shekarun farko kowane hatimi da hannu ake yinsa, harafi ɗaya-ɗaya, lamba ɗaya-ɗaya, ganye ɗaya-ɗaya ake bugawa a jikin ƙarfen, saboda haka babu hatimi biyu da suka zo iri ɗaya. Daga 1793 zuwa 1814 an lissafa haɗin hatimai 295 masu lamba, banda waɗanda suka yi ƙarancin da aka ware su daban, shekarar 1794 kaɗai tana da sama da 50. Kuma kurakuran ma'aikatan duk suna nan. Akwai na 1796 da aka rubuta LIHERTY saboda an fara buga harafin B a juye sannan aka gyara. Akwai na 1801 mai kuskure uku a baya ɗaya, maimakon 1/100 aka sa 1/000, harafin U ya fito kamar I guda biyu, zoben ganyen kuma ƙafa ɗaya aka yi masa. Akwai na 1794 da wani ya jera ƙananan taurari 94 a zagayen bayansa, ƙanana har sai da aka shekara sama da 80 kafin wani dillali ya lura dasu. Akwai na 1793 da ɗan reshen da ke saman shekarar ya bambanta, ana ce masa mai ganyen sitiroberi, guda 4 kacal aka sani a duniya kuma duka huɗun sun goge. Masu bin wannan ilimin har jerin tsagewar hatimi suke bi, su ce wannan an buga shi kafin wancan domin a nan tsagar bata kai baki ba a can kuwa ɓangare ya riga ya ɓalle. Aikin bincike ne na gaske, da ido da haƙuri ake yinsa, kuma talaka mai gilashin ƙara girma na iya fin attajiri a ciki.

In ana neman shaida cewa ba ƙyalli ne darajar ba, a 2009 an sayar da wani kwabon 1795 mai zara-zaran layuka a gefe kan sama da dala miliyan 1, kuma gogagge ne, wanda bai sani ba in ya tsince shi a ƙasa ba lallai ya duƙa ba. Mai bidiyon ruwan tsami da ya samu irinsa da tuni ya kashe shi. Na san kuma akwai na sarƙa mai kyan gaske da aka sayar dala miliyan 2.35 a Janairun 2015, kuma irin wannan labarin ne kullum ke shiga kanun jarida, shi yasa mutane ke zaton harkar ta masu jirgin sama ce. Ba haka bane. Manyan kwabban shekarun 1840 da 1850 an buga su miliyoyi, gogaggu daga cikinsu kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma tarihin da ke jikinsu bai gaza na mai miliyan ba.

Ni ma dai a ganina gogaggen ya fi zama shaida. Sabon fil ɗin da bai taɓa shiga kasuwa ba me ya gani? Da yawa daga cikin sababbin na 1816 zuwa 1820 da ke yawo yau daga ganga ɗaya suka fito, wadda aka ce an samo a jihar Jojiya bayan yaƙin basasa, ta bi hannu har ta kai ga wani ɗan kasuwa John Swan Randall a jihar New York, ana sayar dasu ƙasa da darajarsu ma da farko don mutane na tsoron ko jabu ne saboda ƙyallinsu. Haka kwabon Fugio na 1787, mai agogon rana a gaba da zobba 13 a sarƙe a baya, wani banki a New York ya ajiye ganga guda ta su, a 1948 da aka ƙirga sauran aka samu 1,641. Kyawawa ne, ba musu, amma zaman ɗaki suka yi. Wanda ya goge har shekarar ke neman ɓacewa shine ya yi aikin da aka haife shi dominsa, ya shiga hannun ɗan dako da mai wanki da sojan da ya dawo daga yaƙi, da bayin da ba a yarda su mallaki kansu ba a ƙasar da ta rubuta kalmar 'yanci a goshin kuɗinta. Wasu an huda su an rataya, wasu an yanka musu haƙora an yi ƙaramin giya na inji, wasu 'yan kasuwa sun buga sunansu a kai don talla. Kamfanin maki zai rubuta cewa ya lalace ya hana shi lamba. Lalacewar nan ita ce labarin.

Hatta shekarar da babu kwabo tana magana. Ba kwabon Amurka mai ɗauke da 1815, kuma dalilin shine faifan jan ƙarfen da ake bugawa a kai daga Ingila ake sayo su, daga masana'antar Matthew Boulton a Birmingham, sai yaƙin 1812 ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu hanya ta toshe, na ajiye ya ƙare a 1814. Ƙasar da ta yi yaƙi ta ƙwaci kanta daga Turawan Ingila bata iya buga kwabonta ba sai da ƙarfensu, kuma duk wanda ke jera kwabbai shekara-shekara zai tarar da wannan giɓin a tirensa ya tambayi dalili. Wace takardar maki ce zata koya masa wannan? Kafin gwamnatin tarayya ma ta fara, Connecticut da Vermont da New Jersey da Massachusetts kowa na buga nasa a shekarun 1780, ga jabun rabin kwabon Ingila da ake bugawa a ɓoye kusa da Newburgh, suka cika kasuwa da marasa nauyi har a 1789 mutane suka daina karɓa darajar jan ƙarfe ta faɗi warwas. Wanda ya san wannan ne zai gane dalilin da yasa kwabon 1793 ya zo da nauyin da ya zo da shi.

Kuma tun kafin su duka akwai Samuel Higley a Connecticut, likita ne mai ramin haƙar jan ƙarfe, a 1737 ya fara buga nasa da hoton barewa ya rubuta cewa darajarsa kwabo 3 ce. Da mutane suka yi ƙorafi cewa bai kai ba sai aka canza rubutun ya koma, ka ƙimanta ni yadda ka ga dama, a ɗaya gefen kuma, ni jan ƙarfe ne mai kyau. Jan ƙarfen nasa mai kyau ne kuwa, har ana cewa maƙeran zinariya sun riƙa narkar dasu don haɗi, shi yasa yau suka yi wuya.

Abin da yasa nake ganin wannan lokacin da muhimmanci shine an taɓa yin irinsa. A 1857 da aka daina buga babban kwabo aka kawo ƙarami mai hoton gaggafa, gwamnati ta riƙa karɓar tsofaffin tana narkarwa, sai mutane suka farga cewa kuɗin da suka tashi dashi zai ɓace, suka fara tsince su suna jerawa shekara-shekara, suna neman 1799 da 1804 da suka yi wuya tun a lokacin. Shekara ɗaya bayan nan, 1858, aka kafa waccan ƙungiyar ta New York. Ana ba da labarin Joseph Mickley na Filadelfiya, wanda tun yana saurayi ya shiga harkar don kawai yana neman kwabon 1799, shekarar haihuwarsa, ya kasa samu cikin sauƙi. Ƙauna ce da kewa suka haifi wannan sha'awar a Amurka. A 2025 kuwa da damar ta sake dawowa, miliyoyin mutane suka juyo suna kallon kwabo a karon farko a rayuwarsu, me aka ba su? Gidan buga kuɗin da kansa ya sa wa na ƙarshen wata alama ta musamman ya kai su gwanjo aka saye su kan miliyoyin daloli, kwabban da aka yi su don su yi wuya, basu taɓa sayen ko allura ba kuma baza su taɓa ba. Saƙon da aka aika wa yaron da ke kallo shine wannan harka ta farashi ce. Wallahi abin takaici ne, kuma bazan ɓoye cewa ya ɓata min rai ba.

Masu cewa ai tsadar ce ke sa a adana su basu kalli tarihi ba, waɗanda suka ceci kwabban nan daga tukunyar narkarwa a 1857 sun yi ne lokacin da kwabo kwabo ne.

Ba wai na ce a rufe kamfanonin maki ba, kuma bani da ikon hana kowa yin bidiyo. Amma dandalin da ke iya sa alamar gargaɗi a kan labarin ƙarya na iya sa ta a kan wanda ke ce wa mutane kwabonsu ya kai miliyan 100. Gidajen gwanjo su riƙa sa tarihin kwabo da hannayen da ya bi a gaba, maki a baya. Gidajen tarihi masu tarin nan su ɗora hotuna masu kyau, gaba da baya da gefe, kowa ya gani kyauta. Ƙungiyar masu tara jan ƙarfen farko ta Amurka, wadda aka kafa a 1967, har yau 'ya'yanta da yawa a ƙaramar jakar auduga cikin ambulan takarda suke ajiye nasu, su rubuta a bayan ambulan daga wa suka saya da yaushe, su ciro su riƙe ta gefe su miƙa wa na kusa ya duba, kuma makinsu ya fi na kamfanoni tsauri don suna rage wa kwabo saboda kowane lahani. Su ya kamata a riƙa jin muryarsu yanzu, su fito daga tarukansu su shiga inda yaran suke.

Wanda kuma Allah ya sa wani tsohon jan ƙarfe ya faɗo hannunsa, ko na Amurka ne ko na wata ƙasa, don Allah kar ya wanke, kar ya goge da tsumma, kar ya sa masa mai ko man goge baki. Ya riƙe shi ta gefe, ya ajiye a wuri busasshe, kar ya sa shi a leda mai laushi don irinta na fitar da wani abu kore mai danƙo da ke cin ƙarfe. Ya samu gilashin ƙara girma ya zauna kusa da taga ya ƙirga ganyen da ke baya, ya duba ko lambobin shekarar a jere suke ko ɗaya ta fi sauran hawa, ya duba gefen ko akwai rubutu, sannan ya je neman wane hatimi ne ya buga shi.